Bidiyon darussanmu yana yawan tsayawa a wayoyin ɗalibai: laifin netwok ne, ko akwai gyara a hannunmu?

Wani ɗan'uwa da ke kula da sashen bidiyo na wata makaranta a Zariya ne ya aiko da tambayar. Suna ɗora darussa a shafinsu da manhajarsu, idan azumi ya zo kuma suna haska tafsiri kai tsaye. Sun sayi kyamara mai kyau, suna ɗauka a 1080p, wato hoto mai girma da tsabta sosai, suna ɗora kowane darasi a matsayin fayil ɗaya na MP4 a wata saba, wato kwamfutar da ke ajiye fayil tana aika wa masu kallo, da suka yi haya a Turai. Masu kallo daga Funtuwa da Gusau har Maraɗi suna ta kuka cewa bidiyon ba ya minti biyu sai ya tsaya yana juyawa. Sun ƙara kuɗin saba, ba abin da ya canja. Shi ne yake tambaya ko su haƙura tunda netwok ɗin ƙasar haka yake, ko kuwa akwai abin da za su iya yi.

Malam, akwai abin yi, kuma mafi yawansa ba ya cin kuɗi. Na shekara da shekaru ina wannan aiki na isar da bidiyo ga masu kallo a waya, kuma abin da ka bayyana shi ne kuskuren da ni ma na fara da shi. Kun gina abinku don lokacin da sabis yake da kyau, alhali ɗalibinku yana rayuwa ne da sabis mai zuwa yana ɗaukewa. Duk shawarar da zan ba ka tana komawa ga abu ɗaya: gara hoto ya dusashe muryar malam na ci gaba, da hoto ya fito tar amma ya tsaya cik a tsakiyar aya.

Bari mu fara da abin da yake faruwa tsakanin wayar ɗalibi da ƙarfen sabis, domin sai an fahimci ciwo ake sanin magani. Mutane suna duban sandunan sabis da ke saman waya, idan sun cika su ce ai netwok na nan. Waɗannan sanduna ƙarfin siginar kawai suke nunawa, ba sa faɗa maka mutum nawa kuke rabon wannan ƙarfe da su. Ƙarfe ɗaya yana da iyakar abin da zai iya turawa a sakan guda, kuma duk wanda ya kunna data a unguwar daga wannan kaso ake ɗibar masa. Shi ya sa wayar da ta sauke fayil cikin ƙiftawar ido da asuba take kasa buɗe hoto bayan sallar isha'i, a ɗaki ɗaya, a kan tabarma ɗaya. Ga kuma bango da rufin kwano da ke cinye sigina, musamman a manyan mitoci irin 2600 MHz, waɗanda suke da sauri amma ba sa ratsa gini kamar 800 MHz. Wanda ke cikin mota ko a bayan mai acaɓa wayarsa tana sauya ƙarfe lokaci zuwa lokaci, kowace sauyawa kuma tana iya kawo ɗan yankewa. A wayoyi da layuka da yawa, da zarar kira ya shigo sai wayar ta sauka daga 4G zuwa 3G ko 2G don ta amsa, data ta raunana ko ta tsaya har a gama magana. Ban ma ambaci janareton ƙarfen da dizal ya ƙare masa ba, ko wayar ƙarƙashin ƙasa da masu aikin titi suka datse.

Ka lura, a duk waɗannan ba rashin sauri ne babbar matsalar ba. Layin da ke ba da megabit 4 yanzu, ya koma kilobit 200 bayan sakan goma, ya mutu na sakan biyar, ya dawo da megabit 6, idan ka haɗa lissafinsa matsakaicin saurinsa ba laifi. Amma bidiyo yana shan data ne a jere ba hutawa. Kamar gidan da famfonsu ke zuwa da ƙarfi ya ɗauke: wanda ya tsaya wanka kai tsaye daga bakin famfo zai sha tsayuwa da sabulu a ido, wanda ya ajiye randa kuwa ba ya ma sanin an ɗauke. Aikinmu duka shi ne girman randar, da yawan ruwan da ake ɗiba daga cikinta, da kuma wayon sanin lokacin da ya kamata a rage ɗiba.

Yanzu dubi fayil ɗinku. Bidiyon 1080p da aka fitar ba tare da matsawa sosai ba yakan kai megabit 5 a sakan. Lissafin mai sauƙi ne: megabit 1 a sakan yana cin megabait 450 a awa. Darasin awa ɗaya ke nan yana cin sama da gigabait 2. Ko da sabis bai tsaya ba, ɗalibin da ya sayi gigabait ɗaya ba zai kai rabin darasin ba datarsa za ta ƙare, kuma ka san tun farkon 2025, da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ƙara sa ido a kan abin da yake ƙonawa. Wasu daga cikin masu cewa bidiyo ya tsaya, datarsu ce ta ƙare ba su lura ba.

Gyara na farko, wanda shi ne uwa uba, a daina ba kowa fayil ɗaya. Ana yanka bidiyo gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa 'yan sakanni, sannan a fitar da kowace a nauyi daban-daban, daga mai sauƙi ƙwarai har zuwa mai kyau. Manhajar da ke wayar mai kallo ita ke zaɓa: idan ta ga sabis ya yi ƙarfi ta ɗauko gunduwa mai nauyi, idan ya raunana ta ɗauko mai sauƙi, ba tare da an tsaya ba. Kamfanin Apple ya fito da tsarinsa na yin haka, HLS, a 2009, sannan aka tabbatar da DASH a matsayin ma'aunin duniya a 2012. Da irin wannan dabara YouTube da Netflix suke aiki. Ba sai kun sayi komai ba, manhajar sarrafa bidiyo ta FFmpeg kyauta ce kuma tana fitar da duka biyun. Idan za ku zaɓi ɗaya, ku ɗauki HLS, don yana aiki a iPhone da Android baki ɗaya.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wajen jera waɗannan nauye-nauye, abin da muke kira tsani. Sai ka ga an kwafo tsanin da aka tsara don masu intanet na gida a Turai, matakin ƙasa ya fara daga kilobit 800. Ni kaina na taɓa yin haka a wani aiki, a shekarar da na fara haska karatun azumi. Na gwada a ofis da rana komai lafiya lau, ranar farko da dare kuwa saƙonnin ƙorafi suka yi ta shigowa har na kasa karanta su. Manhajar ta yi iya ƙoƙarinta, ta sauko har matakin ƙarshe, ta tarar shi ma ya fi ƙarfin layin, ba sauran inda za ta sauka sai ta tsaya. Tun daga ranar nake fara gina tsani daga ƙasa. Ko Apple, da wayoyinsa ke hannun masu hali, matakin farko a jadawalin da ya ba masu haɗa HLS kilobit 145 ne kacal.

Ga malami da ke zaune yana karantarwa, abin da nake yi shi ne in sa 144p a wajen kilobit 80 zuwa 100, 240p a wajen 150 zuwa 200, 360p a wajen 350, 480p a wajen 650, sai 720p a wajen 1,300, in tsaya nan. A fuskar waya mai inci shida, ƙalilan ne za su bambance 720p da 1080p. Kowane mataki kada ya wuce ninki biyu na wanda ke ƙasa da shi, domin idan tazarar ta yi yawa manhaja takan maƙale a ƙasa ko ta yi tsallen da zai kayar da ita. A ƙarƙashin duka kuma ku sa matakin murya zalla, kilobit 32 zuwa 48, da hoton malam a tsaye a fuskar waya. Kilobit 32 megabait 14 da ɗoriya ne a awa. Wannan mataki shi ne zai riƙe mutumin da ke ƙauye a ƙarshen inda sigina take kaiwa, kuma a karatu, wanda ya ji bai gani ba ya samu kusan komai. Ina ba ku shawara ku fito da shi fili ma, ku sa maɓallin "murya kawai", za ka yi mamakin yawan waɗanda za su zaɓe shi da kansu, direbobi da mata masu aikin gida da masu tsaron shago.

Waɗannan lambobi na mai zama wuri ɗaya ne. Netflix ta bayyana a ƙarshen 2015 cewa ta daina amfani da tsani ɗaya ga dukkan finafinanta, tana duba kowane fim ta ba shi nauyin da ya dace da shi, domin zanen yara da fim ɗin faɗa ba buƙatarsu ɗaya ba. Haka ku ma. Darasin lissafi da ake rubutu a allo yana buƙatar rubutun ya fito, don haka a nan gara a bar girman hoton a 480p ko 720p a rage yawan hotunan da ke wucewa a sakan zuwa 12 ko 15. Alli ba ya gudu.

Akwai kuma abin da ake gyarawa tun kafin a kunna kwamfuta, wanda masu ɗauka ba su cika sanin yana da alaƙa da netwok ba. Dabarar matse bidiyo tana aiki ne ta hanyar ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan ta riƙa aiko da abin da ya canja kawai. Idan kyamara tana kan ƙafarta ba ta motsi, bango ba ya canjawa, leɓen malam da hannunsa kaɗai ake aikowa. Idan kuwa wani yaro ne ya riƙe ta a hannu yana rawa da ita, yana zuƙo fuska yana mayarwa, kowane lungu na hoton ya canja, nauyi ya ninka. Ƙarancin haske ma haka yake: yana sa hoto ya yi tsaki-tsaki, na'ura kuma ba ta san tsakin nan shara ba ne, sai ta ɓata data wajen kwafe shi. Fanka mai juyawa a bayan malam, labule mai zane da iska ke kaɗawa, duk data suke ci. Fitila biyu masu kyau da ƙafar kyamara sun fi muku sabuwar kyamara amfani. Ku ɗauka a hoto 25 a sakan, don wutarmu 50 Hz ce, hakan yana rage ƙyaftawar fitilu. Murya kuma a jawo ta kai tsaye daga na'urar lasifikar masallaci ko ajin, kada a bar makirufon kyamara ya kwaso amsa-kuwwa, domin murya mai tsabta ko an matse ta sosai tana fita.

Za ka ji ana ta maganar sababbin dabarun matsewa. H.264 tun 2003 yake, H.265 da VP9 suka zo a 2013, AV1 a 2018, kuma gaskiya ne sababbin suna ba da hoto iri ɗaya da data kaɗan. Amma ka tuna wayar da ke hannun ɗalibinka. Yawancin ƙananan Tecno da Itel da Infinix da suka kwana biyu ba su da sashen da ke warware AV1 a cikin injinsu, sai dai wayar ta yi da ƙarfin tsiya, ta yi zafi, batir ya zube, ga wuta ba kullum ba. H.264 kuwa ba wayar da ba ta iya shi. Ku fara da shi, ku daidaita komai, in ya so daga baya ku ƙara wani ga wayoyin da suka iya.

Sai randar. A cikin manhaja akwai rumbun da ake tara bidiyon da aka riga aka sauke amma ba a kai ga kallonsa ba. Idan rumbun yana riƙe da sakan 40, sabis zai iya mutuwa na rabin minti mai kallo bai sani ba. ExoPlayer, wanda manhajojin Android da yawa suke amfani da shi wajen kunna bidiyo, ya saba tara wajen sakan 50, hls.js na burauza kuma wajen 30. Ga darussan da aka riga aka ɗauka ina ƙara shi zuwa minti ɗaya da rabi ko biyu. Hasararsa ɗaya ce: wanda ya buɗe ya kalli sakan goma ya fita ya biya kuɗin abin da bai kalla ba. Maganinta shi ne a fara da rumbu ƙarami, idan mutum ya yi minti biyu ko uku yana kallo, alamar ya zauna ke nan, sai a buɗe masa.

Wajen farawa, ku fara da ƙaramin mataki ku hau a hankali. Wani bincike da S. Shunmuga Krishnan da Ramesh Sitaraman suka yi a 2012 kan kallo miliyan 23 a hanyar sadarwar Akamai, wani kamfanin rarraba bidiyo, ya nuna mutane suna fara ficewa idan bidiyo ya wuce sakan biyu bai tashi ba, kuma kowane ƙarin sakan yana ƙara masu ficewa da wajen kashi 5.8 cikin ɗari. Binciken ya kuma nuna masu kallo a waya sun fi masu intanet mai ƙarfi haƙuri, kuma mutanenmu ma suna da shi, amma bai kamata mu riƙa cin amanar haƙurin nan ba. Sakan biyar na farko a 240p ba zai dami kowa ba.

Yadda manhaja ke yanke shawarar hawa ko sauka shi ne wurin da masana suka fi daɗewa suna kai-kawo, kuma ya cancanci ka fahimce shi ko da ba kai za ka rubuta ba. Hanya ta farko ita ce auna sauri: gunduwar da ta wuce ta sauko a megabit 3, to a ɗauko ta gaba a kusa da haka. A layin gida mai natsuwa wannan yana aiki. A layin waya kuwa abin da ya faru sakan huɗu da suka wuce ba ya nuna abin da zai faru yanzu, sai manhaja ta hau 720p daidai lokacin da sabis zai faɗi, ta maƙale da gunduwa mai nauyi a wuya. A 2014 Te-Yuan Huang da abokan aikinta daga jami'ar Stanford da Netflix suka gwada wata hanyar: a daina hasashe, a dubi rumbu kawai. Idan ya cika a hau, idan yana raguwa a sauka. Sun gwada a kan masu kallon Netflix na gaske, tsayawar bidiyo ta ragu da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ba tare da ingancin hoto ya faɗi ba. Daga baya aka samu wata dabarar duba rumbu mai suna BOLA a 2016, wadda manhajar kunna bidiyo ta dash.js ke amfani da ita. Manhajojin yau galibi suna haɗa hanyoyin biyu. Abin da ya rage gare ku shi ne saiti, kuma ƙa'idata ita ce a yi saurin sauka, a yi nawar hawa. Kada a yarda da fiye da kashi 60 zuwa 70 na saurin da aka auna, kada a hau sai rumbu ya tara abin kirki, kuma idan gunduwa ta ɗauki lokaci fiye da kima a yar da ita a nemo mai sauƙi. Hoton da ya zauna a 360p daram ya fi wa ido daɗi a kan wanda ke hawa yana sauka kowane sakan goma.

Tsawon gunduwa sakan 4 zuwa 6 ya wadatar, Apple ma 6 yake ba da shawara. Idan ta yi gajarta da yawa, buƙatun da ake aikawa saba suna yawa, kowace kuma tana jiran amsa.

Wannan jiran amsa ya kawo mu ga sabar taku ta Turai. Ƙarin kuɗin da kuka yi ya ba ku inji mai ƙarfi, amma bai rage nisa ba. Haske a cikin wayar gilashi yana tafiyar kilomita 200,000 a sakan. Wayar teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010, tana da tsawon wajen kilomita 7,000 daga Fotugal zuwa Legas, wato zuwa da dawowa milisakan 70 a kanta kaɗai, kafin a ƙara tafiyar cikin Turai, da ta Legas zuwa Arewa mai wajen kilomita dubu, da jinkirin ƙarfen sabis. Ɗan Maraɗi kuwa, da yake Nijar ba ta da teku, datarsa sai ta ratso wata ƙasa maƙwabciya tukuna. Tsarin aika data a intanet da ake kira TCP, wanda ke ɗauke da bidiyon, yana ƙara sauri ne bisa amsar da yake samu, don haka duk lokacin da aka ɗan yi tuntuɓe, mai nisa ya fi daɗewa kafin ya miƙe. Ga kuma haɗarin da kowa ya gani ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin teku huɗu, WACS da MainOne da ACE da SAT-3, suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, abin da ke waje ya yi wuyar samu kwana da kwanaki. Ku sa kamfanin rarraba bidiyo a gaban sabarku, wanda yake da rumbu a Legas aƙalla kuma yake haɗe da cibiyar musayar intanet ta Najeriya, IXPN. Kafin ku biya, ku gwada shi da layukan MTN da Airtel da Glo ɗaya bayan ɗaya, don wani yana da kyakkyawar hanya zuwa wannan layi amma zuwa wancan sai ya zagaya ta Landan.

Ku tambayi kamfanin kuma ko yana da HTTP/3 da BBR, wato sababbin dabarun aika data guda biyu. Tsohon salon TCP yana ɗaukar duk ɓacewar ƙunshin data a matsayin alamar cunkoso, sai ya rage sauri sosai, alhali a iska abu yakan ɓace don dalilin da ba cunkoso ba. BBR, wanda Google ya fitar a 2016, yana auna ainihin faɗin hanya da jinkirinta. Google ya ce da ya sa shi a YouTube sauri ya ƙaru da kashi 4 cikin ɗari a matsakaicin duniya, a wasu ƙasashe fiye da 14. QUIC kuma, sabon tsarin da HTTP/3 ke tafiya a kansa a madadin TCP, aka tabbatar da shi a 2021, yana rage gaishe-gaishen da waya da saba suke yi kafin a fara aiki, kuma an tsara shi yadda haɗin zai iya ci gaba idan waya ta sauya daga Wi-Fi zuwa data. Rahoton injiniyoyin Google na 2017 ya ce ya rage tsayawar YouTube a waya da wajen kashi 15 cikin ɗari. Waɗannan ƙari ne masu kyau, amma ba za su ceci tsani marar matakin ƙasa ba.

In faɗa maka gaskiya, idan ba ku da wanda zai zauna da waɗannan abubuwa, ɗora darussan a YouTube ku jawo su cikin shafinku ba abin kunya ba ne. Duk abin da na lissafa suna yi, kuma Google yana ajiye rumbunansa a cikin kamfanonin sadarwa da kansu. Abin da za ku rasa shi ne iko a kan talla da abin da ake nuna wa ɗalibi bayan darasi, wanda ga makaranta ba ƙaramin abu ba ne. Ku auna.

Tafsiri kai tsaye yana da nasa ciwon, domin a nan sabis marar tabbas yana gefe biyu, kuma idan na wajenku ya yanke kowa ya yanke. Saurin turawa a layin waya kusan kullum bai kai na saukewa ba, sannan jama'ar da suka cika masallacin da wayoyinsu ƙarfe ɗaya kuke rabo da su. Gwajin da aka yi da hantsi masallaci ba kowa ba shi da amfani, a je a auna a daidai lokacin karatu, sannan a tura rabin abin da aka auna ko ƙasa da haka. 720p a kilobit 1,500 ya isa. A ɗaga rauta, wato akwatin da ke kamo intanet, sama kusa da taga ko a fitar da eriya waje, a haɗa ta da kwamfuta da kebul maimakon Wi-Fi, a ajiye layi na biyu na wani kamfani daban. Idan inda kuke turawa yana karɓar tsarin tura bidiyo na SRT, wanda kamfanin Haivision ya sake shi kyauta a 2017 kuma manhajar haska bidiyo ta OBS ke iya turawa da shi, ku fifita shi a kan tsohon tsari na RTMP, ku ba shi jinkirin sakan biyu zuwa huɗu don ya samu damar sake aiko da abin da ya ɓace. Kuma kullum a riƙa naɗar karatun a cikin kwamfutar, ko an yanke a samu abin ɗorawa daga baya.

Kada kuma wani ya ruɗe ku da zancen rage jinkiri har abin da malam ya faɗa ya isa waya cikin sakan biyu. Wannan buƙatar masu ƙwallo ce, da ba sa son su ji ihun gidan kallo na maƙwabta kafin su ga an ci. Mai sauraron tafsiri a Gusau ba abin da zai rage shi da shi idan yana bayan masallaci da sakan 30 ko 40, kuma wannan tazara ita ce randarsa. Duk sakan da kuka rage daga jinkiri, daga rumbunsa kuka cire.

Ga darussan da aka riga aka ɗauka, ku sa maɓallin saukewa, ku rubuta nauyin kowane zaɓi a fili: megabait kaza a 240p, kaza a 480p. Saukewar ta zama mai ci gaba daga inda ta tsaya idan sabis ya yanke. Kamfanonin waya suna sayar da datar dare mai rahusa, a lokacin kuma ƙarfe ba cunkoso, ɗalibi zai iya saukewa yana barci ya kalla da safe. Mutanenmu sun daɗe da gano wannan hanya da kansu, shi ya sa masu tura finafinai da karatu a kati suke kasuwanni, shi ya sa Xender take kusan kowace waya. Idan darussan kyauta ne, ku bar ƙaramin fayil ya yaɗu daga waya zuwa waya, mutum ɗaya ya sauke, goma su amfana.

Kafin ku taɓa komai, ku sa manhajarku ta fara rubuta muku abu uku a kowane kallo: sakan nawa aka jira kafin bidiyo ya tashi, sau nawa ya tsaya kuma na tsawon wane lokaci, da matakin da mai kallo ya fi daɗewa a kai. Ku raba su bisa kamfanin layi da gari da lokaci, kada ku dubi matsakaici kawai, domin masu Wi-Fi na Abuja za su rufe muku halin da ɗan Funtuwa yake ciki. Ku dubi kashi goma na waɗanda suka fi shan wahala, su ne ma'auninku. Gwaji kuma a yi shi da ƙaramar waya mai ragowar wuri kaɗan, a cikin ɗaki mai rufin kwano, da ƙarfe tara na dare. Rage saurin da ake yi a burauzar kwamfuta don kwaikwayon 3G yana ba da sauri ƙarami amma daidaitacce, wanda ba shi ne halin da ake ciki ba.

Idan a makon nan abu biyu kawai za ku iya, ku sake fitar da darussa goma da aka fi kallo a HLS da tsanin da ya sauka har murya zalla, ku kuma sa maɓallin saukewa. Ku bar sauran darussan yadda suke na mako biyu, sannan ku kwatanta lambobin ɓangarorin biyu. Idan kun yi, ka aiko mini da abin da kuka gani tare da saitin manhajarku, mu duba rumbun da matakan tare.